Rakiya A Ƙarƙashin Samaniyar Maƙiyi

A daren 9 ga Agusta 1942, wayewar garin 10, jiragen ruwan dakon kaya 14 suka ratsa mashigin Jibralta suka faɗa Bahar Rum, sun nufi tsibirin Malta. Biyar ne suka isa. Daga cikin jiragen yaƙin da suka yi musu rakiya huɗu sun nutse, wasu sun koma gida da ƙyar, mutanen da suka rasa rayukansu kuma sun haura 500. Duk da haka Ingila ta sa wannan tafiya, wadda ta laƙaba wa suna Pedestal, cikin jerin nasarorinta, mutanen Malta kuma har gobe suna tunawa da ita duk ranar 15 ga Agusta. Italiya da Jamus ma a wancan makon sun buga gangar nasara, kuma ba za a ce ƙarya suka yi ba, domin sun ga gawar jiragen da idonsu.

Mudun awon ne ya bambanta. Tsoffin fatakenmu masu zuwa Gwanja ba sa auna tafiya da yawan 'yan rakiyar da suka dawo ba ko ƙwarzane. Goron da ya iso Kano shi ne abin dubawa. Amma madugun da ya san dajin da zai bi cike yake da 'yan fashi, ya kuma tura masu baka da kwarin da babu kibau isassu, dole a tsayar da shi ya yi bayani, ko da goron ya iso. Haka nake kallon jiragen rakiya na Yaƙin Duniya na Biyu. Nutsewarsu ba ta nuna sun gaza, tunda aikinsu ke nan su tare dukan da aka yi nufin wani da shi. Sai dai wannan gaskiyar ta zama bargon da ake lulluɓe laifin waɗanda suka yi shekara ashirin a ofis ba su ɗaga kai sun dubi sama ba.

Malta ɗan tsibiri ne da bai kai kilomita 100 daga Sisili ba, yana zaune a tsakiyar hanyar da Italiya ke bi ta kai wa Rommel, janar ɗin Jamus, mai da makamai a Libiya. Jiragen sama da jiragen ƙarƙashin teku da ke tashi daga can suna yi wa wannan hanya ɓarna, shi ya sa Jamus da Italiya suka sa shi a gaba da ruwan bama-bamai, har Sarkin Ingila ya ba tsibirin baki ɗaya lambar girmamawa ta George Cross a ranar 15 ga Afrilu 1942. Lambar yabo ba ta cika ciki. Tsibirin ba ya noma abin da zai ci, ba shi da ɗigon mai nasa, komai sai ta teku, tekun kuwa filayen jiragen saman maƙiyi sun kewaye shi: Sardiniya, Sisili, Kirit, Libiya. Mu nan ma wannan toshewa ta taɓa mu. Da Bahar Rum ta zama ba ta biyuwa, tun daga ƙarshen 1940 Ingila ta koma sauke jiragen samanta a cikin akwatuna a Takoradi, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su ratsa Sudan zuwa Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya, kuma tana cikin abubuwan da suka ɗaga darajar filin jirgin Kano.

Abin da zai faru a Agusta 1942 bai zo wa kowa da ba-zata ba. A ranar 10 ga Janairu 1941, lokacin da ake raka wani ayari, jiragen Stuka na Jamus suka dirar wa Illustrious, babban jirgin dakon jiragen sama, suka yi masa raunin da ya sa sai Amurka aka kai shi gyara. Washegari suka kashe kuruza Southampton. Bayan wata huɗu aka yi yaƙin Kirit, inda jiragen sama kaɗai suka ci wa Ingila kuruza uku da distiroya shida, tare da sojojin ruwa fiye da 1,800. Kuruza dai matsakaicin jirgin yaƙi ne, distiroya kuwa ƙarami ne mai gudu, shi ne jakin rakiya. Labarin 22 ga Mayu 1941 ya isa misali. An nutsar da distiroya Greyhound, sai aka tura kuruza biyu, Gloucester da Fiji, su kare masu tsamo mutanenta daga ruwa, alhali harsasan kakkaɓo jirage na dukansu biyun sun kusa ƙarewa. Kafin dare duka biyun sun nutse. Gloucester ta tafi da mutum fiye da 700.

Me ya sa jirgin da aka cika da bindigogi yake kasa kare kansa daga jirgin sama mai mutum biyu a ciki? Amsar tana cikin zanen jiragen tun kafin yaƙi. Manyan bindigogin mafi yawan distiroyoyin Ingila, masu baki inci 4.7, ba sa ɗaga kai su wuce digiri 40. An ƙera su ne don harbin wani jirgin ruwa da ke can nesa, ko jirgin saman da ke wucewa ya nufi wani. Stuka kuwa sai ta zo daidai kanka sannan ta kifa kai ta faɗo kusan a tsaye, inda bindigar ba ta iya kallo. Na'urar da ke yi wa bindigogin lissafin saiti ita ma an gina ta ne kan zaton cewa jirgin sama zai taho a miƙe, tsayinsa ɗaya, gudunsa ɗaya, abin da babu matuƙin da ke son ransa da zai yi. Amurka a daidai wannan zamani ta riga ta sa wa nata distiroyoyin bindiga mai inci 5 da ke ɗaga kai har digiri 85, tana harbin teku tana harbin sama. Ke nan ilimin yana nan, zaɓi aka yi.

Wani zaɓin ya fi wannan tsada. Daga 1918 har 1939 jiragen saman da ke tashi daga doron jiragen ruwan Ingila suna hannun rundunar sojan sama ne, wadda hankalinta ke kan manyan jiragen jefa bam. Da yaƙi ya zo, abin da sojan ruwa ya tarar a hannunsa su ne irin su Fulmar, masu nauyin jiki, waɗanda sau da yawa da ƙyar suke cim ma jirgin da suke kora. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi. Aka shiga liƙa ƙananan bindigogin Oerlikon da Bofors a duk inda aka sami gurbi a doron jirgi, ana cire wasu bututun harba topido don a sami wurin kafa bindigar sama guda ɗaya. Sun taimaka, sai dai ƙaramar bindiga ba ta kai wa jirgi sai ya matso, kuma sau da yawa a lokacin ya riga ya saki abin da ya ɗauko.

Watannin da suka gabaci Pedestal sun maimaita darasin har ya gundura. A Maris 1942 Adamiral Vian ya yi bajintar da ake yabo har yau, ya tare manyan jiragen Italiya a gaɓar Sirte da ƙananan jiragensa, amma jinkirin da faɗan ya jawo ya sa gari ya waye wa ayarin da yake yi wa rakiya a teku. Jiragen sama suka nutsar da ɗaya a hanya, suka lalata sauran bayan sun isa Malta, kayan da aka iya saukewa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. A Yuni aka tura ayari biyu lokaci guda. Na yamma, jirage shida, biyu suka isa. Na gabas, mai suna Vigorous, ya taso daga Iskandariyya da jirage 11, ko ɗaya bai isa ba. Babu jirgin dakon jiragen sama a tare da shi. Jiragen sama suka kashe distiroya Airedale da Nestor ta Ostareliya, kuma babban abin da ya sa aka juya akalar ayarin gida shi ne 'yan rakiyar sun harbe mafi yawan harsasansu tun ba a kai ko'ina ba. Wannan batu na rumbun harsashi a riƙe shi, domin bai mutu ba.

Shi ya sa aka yi wa Pedestal rakiyar da ba a taɓa yi wa ayarin Malta ba: manyan jiragen yaƙi biyu, Nelson da Rodney, jiragen dakon jiragen sama uku, Eagle da Indomitable da Victorious, ɗauke da jiragen kare sama kimanin 70, ga kuruzoji, ga distiroya wajen talatin, duk a ƙarƙashin Adamiral Syfret. Ranar 11 ga wata jirgin ƙarƙashin teku na Jamus, U-73, ya ɗirka wa Eagle topido huɗu, ta kife cikin 'yan mintuna da jiragen da ke kanta. Ranar 12 aka wuni ana kai farmaki daga Sardiniya da Sisili. Abin lura shi ne muddin jiragen kare sama suna tashi suna tarar maharan tun daga nesa, ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba: jirgin kaya ɗaya, Deucalion, shi ne ya ji rauni har ya bar sahu. Da yamma Stuka suka sami Indomitable suka fasa filin saukar da ke doronta, wani jirgin Italiya kuma ya sa wa distiroya Foresight topido, daga baya 'yan uwanta suka ƙarasa nutsar da ita. Daga nan Syfret ya juya da manyan jiragen, kamar yadda aka tsara tun farko, domin ba za a shigar da su matsatsin ruwan da ke tsakanin Tunisiya da Sisili ba.

Sa'a guda bayan haka komai ya wargaje. Jirgin ƙarƙashin teku na Italiya, Axum, ya saki topido huɗu suka sami jirage uku: tankar mai Ohio, kuruza Cairo, da kuruzar da Adamiral Burrough, wanda aka bar wa ƙarasa rakiyar, ke ciki, wadda sunanta Nigeria. An raɗa mata sunan ƙasarmu ne a jerin kuruzojin da Ingila ta sa wa sunayen ƙasashen da take mulka, ta kuwa tsira daga wannan rauni, daga baya ma aka sayar wa Indiya ita. Cairo ba ta tsira ba. Muhimmancin waɗannan biyu ya wuce bindigoginsu: su ne ke ɗauke da na'urorin rediyon da ake jagorantar jiragen kare sama da su. Da suka fita daga fage, jiragen da ke tasowa daga Malta don taimako sun zo ba mai gaya musu inda maharan suke, wani lokacin ma nasu mutanen ke buɗe musu wuta. Da almuru jiragen Jamus suka sake dira kan ayarin da ya riga ya rikice, suka tarwatsa shi. Cikin dare kuma ƙananan kwale-kwalen topido na Italiya da Jamus suka yi ta tsintar jiragen ɗaya bayan ɗaya a gefen Cape Bon, suka ci jiragen kaya huɗu da kuruza Manchester.

Mai lissafin tsaf zai ce to ai cikin jiragen yaƙi huɗun da aka rasa, ɗaya tak jirgin sama ya kashe, saboda haka an cika zuzuta barazanar sama. Ni ban yarda ba. Tsoron sama ne ya tsara tafiyar tun daga tushe: shi ya sa aka kawo jiragen dakon jirage har uku cikin ruwan da jiragen ƙarƙashin teku ke kwanton ɓauna, shi ya sa aka matsa sai an ratsa matsatsin da dare, shi ya watsa sahun da ya bar kowane jirgi shi kaɗai a gaban kwale-kwale. Cikin jiragen kaya taran ma, biyar jiragen sama ne suka yi ajalinsu. Hujjar da ta fi ƙarfi tana wajen abokan gaba. A daren nan kuruzojin Italiya suna kan hanyar tare ragowar ayarin, kuma da sun iso da safe da wuya a sami wanda zai kai labari. Aka kira su suka koma, saboda ba a ba su jiragen da za su kare musu sama ba. Tsoro ɗaya ne ya mallaki manyan hafsoshin ɓangarorin biyu. A hanyar komawar ma jirgin ƙarƙashin teku na Ingila, Unbroken, ya raunata biyu daga cikinsu.

Abin da ya rage sai aikin ƙananan jirage. Safiyar 13 bam ya faɗa kan Waimarama, wadda ke ɗauke da man jirgin sama da albarusai, ta tashi gaba ɗaya, teku ya kama da wuta. Roger Hill, kwamandan distiroya Ledbury, ya tura jirginsa cikin wutar yana tsamo mutane. Wannan mutum wata guda kafin nan yana cikin 'yan rakiyar ayarin PQ17 mai zuwa Rasha, wanda hedkwatar sojan ruwa a Landan ta umarci ya watse, aka janye masa rakiya don tsoron babban jirgin Jamus Tirpitz, jiragen sama da na ƙarƙashin teku suka cinye 24 cikin 35. Wanda ya ga haka da idonsa ba sai an yi masa wa'azin kada ya bar jirgin kaya ba. Ita kuwa Ohio, tankar kamfanin Texaco ta Amurka da aka ba ma'aikatan Ingila, ta sha topido, ta sha bam, jirgin saman da aka harbo ya faɗo a doronta, injinta ya mutu, bayanta ya kusa karyewa. Distiroyoyi Penn da Bramham da Ledbury suka rungume ta, aka ɗaure ta a tsakanin biyu suna tallabe da ita, ana tafiyar da mai ƙafa zai iya bi, har suka shigar da ita tashar Malta da safiyar 15 ga Agusta. Mai kimanin tan dubu goma aka zuƙe daga cikinta, ban da kaya wajen tan 32,000 da sauran jirage huɗun suka kawo. Kyaftin ɗinta, Dudley Mason, ya sami George Cross.

Ko abin ya ci kuɗinsa? Masana tarihi ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Martin van Creveld ya yi hujjar cewa abin da ya shaƙe Rommel shi ne ƙarancin ƙarfin tashoshin Tarabulus da Bangazi da Tobruk, da tsawon hanyar mota a hamada wadda ke shanye man da aka ɗauko, ba Malta ba. Correlli Barnett ya ɗauki tsibirin a matsayin abin alfaharin da Ingila ta yi ta zuba wa jini fiye da amfaninsa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, kuma masu son labarin jarumta ba sa son jin ta. Amma a Agusta 1942 ba wannan tambayar ce a kan tebur ba. Akwai mutum fiye da rubu'in miliyan a tsibirin da abincinsu ke ƙarewa, an riga an ƙiyasta lokacin da za a miƙa wuya in ba a sami ɗauki ba. Man Ohio ya sa jiragen Malta suka ci gaba da tashi a watanni biyun da suka gabaci yaƙin Alamein. A wurina tura ayarin daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne yadda ake ba da labarin kamar ƙaddara ce ta yanke farashin, alhali wani kaso nasa mutane ne suka yanke shi a 1925 da 1935 wajen zaɓen bindiga da rabon kasafi.

Watanni uku kacal bayan Pedestal aka sami gwajin da ya raba gardama. A Nuwamba 1942 wani ayari mai jirage huɗu ya taso daga Masar, ta hanyar da ta gagari Vigorous, da rakiyar da ba ta kai rabin ta Pedestal ba. Huɗun duka suka isa Malta. Bindigogin ba su canja ba, jarumtar mutanen ba ta ƙaru ba. Abin da ya canja shi ne sojojin ƙasa sun kori Rommel daga Alamein sun ƙwace filayen jiragen sama na gabashin Libiya, don haka ayarin ya yi tafiyarsa da jiragen kare sama a kansa. Ko a hakan sai da wani jirgin topido ya sami kuruza Arethusa da almuru ya kashe mata mutum fiye da 150. A arewa ma haka: ayarin PQ18 na Satumba ya tafi da ƙaramin jirgin dakon jirage, Avenger, ya rasa jirage 13 cikin 40, amma Jamus ta yi asarar jiragen sama wajen arba'in, ba ta sake iya kai irin wannan farmaki a can ba.

Shekara arba'in bayan Malta, Ingila ta sake zama ajin nan a tsibiran Fokland. A 1982 rundunarta ta tafi kudancin Atlantika ba tare da jirgin sama mai ɗauke da rada mai hango nesa ba, sai aka koma jera distiroyoyi a gaba su zama ido. Makami mai linzami na Exocet ya ci Sheffield a ranar 4 ga Mayu. A mashigin San Carlos matuƙan Ajantina suka kashe Ardent da Antelope, ranar 25 ga wata suka kife Coventry. Da bama-bamai da yawa ba su ƙi tashi ba, saboda ana sakinsu daga ƙasa-ƙasa tun kafin kunamarsu ta kunce, da lissafin ya fi haka muni. To amma dubi inda dukan ya sauka. Matuƙan sun yi ta auka wa jirgin yaƙin da suka fara gani, suka bar irin su Canberra da ke cike da sojoji, har aka sauke rundunar a tudu. Asarar da ta fi canja yaƙin ita ce ta jirgin kaya guda ɗaya, Atlantic Conveyor, wanda ya ƙone da manyan jirage masu saukar ungulu samfurin Chinook guda uku, abin da ya sa sojoji suka ratsa tsibirin a ƙafa da kaya a baya.

A ƙarshen 2023 fagen ya koma Bahar Maliya. Tun Nuwamba 2023 da 'yan Huthi na Yaman suka fara kai wa jiragen kasuwanci hari da jirage marasa matuƙi da makamai masu linzami, jiragen yaƙin Amurka da Ingila da Tarayyar Turai suka shiga rakiya. Ba a nutsar da ko ɗaya daga cikinsu ba, sun kuma kakkaɓo abubuwa masu yawa, wanda ke nuna rada da makaman yau sun warware matsalar da ta gagari bindigar inci 4.7. Sai dai an nutsar da jirgin kaya Rubymar, an kashe ma'aikata uku a True Confidence a Maris 2024, kuma manyan kamfanonin sufuri suka ƙaurace wa mashigin Suwez suka koma zagaye Afirka ta kudu, kuɗin dakon kaya ya tashi, Masar ta yi asarar kuɗin shiga mai yawa. In da mudun jiragen yaƙin da suka tsira za a auna, nasara ce cikakkiya. In da kayan da suka bi hanyar ne, maharan sun sami mafi yawan abin da suke so ba tare da sun nutsar da distiroya ko ɗaya ba. Ga kuma tsohuwar matsalar Vigorous ta dawo da sabuwar riga: makamin da ake harbo jirgi marar matuƙi da shi kan kai dala miliyan ɗaya ko biyu, abin da ake harbowar kuwa wani lokacin bai wuce 'yan dubbai ba, kuma distiroyar zamani tana da iyakar ramukan harba makamai, in sun ƙare sai ta bar ayarin ta nemi tashar da za a sake cika mata su.